Ranar da Aka Kai wa Kaka Fanta Garin Madara

A shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, lokacin da arzikin mai ya fara shigo da sababbin motoci har ƙauye, akwai wani mai facin keke a bakin kasuwar Safana ana ce masa Uwaisu. Mutum ne marar gaggawa. In ka kawo masa taya sai ya gaishe ka, ya tambayi gida, ya tambayi gona, sannan ya tambayi inda ƙayar ta shiga. Ya yi ajin yaƙi da jahilci har ya iya karatu da rubutun boko daidai gwargwado, kuma babu wata hanyar ƙafa tsakanin Safana da Runka da Zakka, har zuwa Batsari, wadda kekensa bai taka ba. Shi ya sa da Malama Larai ta zo neman wanda zai zaga mata ƙauyuka, kowa ya nuna mata rumfarsa.

Malama Larai ma'aikaciyar lafiya ce daga birni, doguwa, mai farin tabarau da saurin magana. Ta zo ne damina ta yi tsaka, gero ya fitar da kai amma bai nuna ba, rumbuna kuma sun koma sai an sunkuya ake taɓo abin da ya rage. An ba ta buhunan garin madara domin ƙananan yara, sai dai ba za su ishi ƙauyuka duka ba. Dole a san inda yara suka fi shan wahala, a fara da nan.

Ta zauna a kan bencinsa ta miƙa masa takardu da fensir.

"Malam Uwaisu, aikin ba wuya. Kowane gida mai ƙaramin yaro, ka nemi uwar ko kakar, ka yi mata tambaya ɗaya: jiya sau nawa yaron ya ci? Abin da ta ce shi za ka rubuta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma ka yi ta yadda take. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka sa ra'ayinka. In kowa ya yi tasa tambayar, in na zo haɗawa ba za su haɗu ba."

Uwaisu ya ga hankali a maganar. Shi ma in za a auna iskar taya ba a canza babban yatsa. Ya maimaita tambayar har ta zauna masa kamar karatun allo, ya ɗaure takardun a kariyar keke cikin leda saboda ruwa, ya bar wa maƙwabcinsa rumfa.

Aikin ya yi masa daɗi. Ko'ina an san shi, tsofaffi mata suna fitowa ƙofar gida su amsa masa, matasan kuma su amsa daga bayan danga. Wata ta ce sau biyu, wata ta ce sau uku, wata ta ce ya tambayi yaron da kansa tunda shi ne mai cikin. Duk ya rubuta, ban da na ƙarshen.

A Tudun Aduwa, wani ɗan ƙauyen manoma da ke gaba da Zakka, ya tsaya gidan Zuwairatu, wadda mijinta ke kawo masa faci. Ta fito goye da jariri, ɗanta Usaini yana riƙe da bakin zanenta. Suka gaisa, lahiya lau, ya ruwa, ruwa ya yi gyara, ina maigidan, shina gona. Sannan ya gyara tsayuwa ya karanto tambayarsa.

Zuwairatu ta ɗan yi tunani, tana lanƙwasa yatsu. "Da sahe ya ci. Da hantsi ya ci. Da la'asar ma ya ɗan ci. Da dare kuma mun ci tare." Ta ɗaga ido. "Huɗu ke nan."

"Ma sha Allah," in ji Uwaisu, ya rubuta huɗu. Ya lura yaron ba ya ɗokin taɓa ƙararrawar keke kamar sauran yara, gashin kansa kuma ya yi ja-ja. Amma huɗu ba wasa ba ce, shi kansa bai ci sau huɗu ba jiya. Sauran gidajen Tudun Aduwa ma haka, uku, huɗu, har da mai biyar. Ya hau keke yana yi musu murna.

Daga nan hanya ta gangara rafi ta hau wancan tudun, inda rugar su Kaka Fanta take. Kaka Fanta ƙanwar kakarsa ce ta wajen uwa, don haka tun yana yaro take ce masa mijinta, shi kuma yake ce mata tsohuwar amarya. Tun daga nesa ta hango shi.

"Ga angon da ba ya cefane. Yau mi ka kawo mani, ko takarda zan dafa?"

"Ke da ba ki da haƙoran cin nama, mi zan wahalar da kaina?"

"Haƙorana sun fi tayoyin kekenka yawa. Sauko."

Ta shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin marke, ta damo fura da kindirmo mai kauri, har da ɗan man shanu yana yawo a sama. Jikokinta suna ta kokawa a bayan bukka, suna ture juna cikin ciyawa kamar maruƙa. Uwaisu ya sha ya yi gyatsa, ya goge baki, ya zaro fensir.

"Tsohuwa, aikin hukuma ya kawo ni. Jiya sau nawa yaran nan suka ci?"

"Ci? Ba su ci ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Da ruwan da aka wuni ana yi jiya wa zai hura wuta? Itace duk ya jiƙe. Ba mu ɗora tuwo ba."

"Ko loma?"

"Ko loma, na ce maka. Kunnen ma ya tsufa ne?"

Uwaisu ya dubi yaran, ya dubi takarda. Wani abu ya ɗan tsaya masa a rai, amma ya tuna an ce kada ya sa ra'ayinsa. Ya zana sifiri, ya zagaye shi da kyau. A sauran bukkokin ma haka ya samu, wata ta ce ba su ci ba, wata ta ce sai dare suka ɗan taɓa tuwo. Kafin ya tafi Kaka Fanta ta ƙara masa ludayi biyu, wai kada a ce ta bar miji ya rame.

Da ya gama zagayen ya kai wa Malama Larai takardun a masaukinta. Ta baza su a kan tebur, ta ware kowane ƙauye daban, tana haɗawa tana rabawa, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa yana kallon yadda fensirinta ke gudu. Can ta cire tabarau.

"Tudun Aduwa sun fi kowa ci. Rugar da ke ƙetaren rafi kuma ita ce a can ƙasa. Yawancin yaran ko sau ɗaya ba su ci ba." Ta dube shi. "Ka yi tambayar yadda take?"

"Ko wasali ban canza ba, Malama."

"To da su za mu fara. Ranar kasuwa mota za ta zo."

Uwaisu ya sosa ƙeya. "Sai dai, Malama, yaran rugar nan fa da ƙibarsu. Kumatu haka."

"Wannan shi ya fi ba ni tsoro," in ji ta. "Akwai kumburin da yunwa ke kawowa. Fuska ta cika, ƙafafu su cika, wanda bai sani ba ya ce ƙiba ce. Na ga irinsu da yawa bara."

Uwaisu ya tuna kumatun yaran. Ashe kumburi ne. Ya san halin mutanen kakarsa, ko wuta ke cin su ba za su ce zafi a gaban baƙo ba. Ya tuna ƙwaryar furar da ya share, da ludayi biyun da aka ƙara masa. Watakila abin da ya rage musu ke nan, tsohuwar ta juye masa tana ta ba'a don kada ya gane. Kwanakin da suka biyo baya ko fura ya gani a kasuwa sai ya kawar da kai. Har ya yi wa wani faci a inda ba huda.

Ranar kasuwa motar Landirofa ta iso cike da buhuna, Mamman direba yana tuƙi, wani kakkauran mutum mai gashin baki da son labari. Malama Larai ta ce za ta bi su ta gani da idonta, domin lissafin ya fita amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Uwaisu ya zauna a baya kan buhuna yana nuna hanya. A rafi motar ta ɗan kafe, sai da makiyaya suka tura, Mamman yana ta rantsuwa cewa a kan kwalta ba a taɓa tura shi ba.

Mota a ruga ba ƙaramin abu ba ne. Mata suka fito, yara suka kewaye ta suna leƙa fuskokinsu a madubi. Kaka Fanta ta taho a hankali tana gyara ɗankwali. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya da gajiya da mutanen birni. Sannan Uwaisu ya matso, murya ƙasa-ƙasa, babu wasa a cikinta.

"Kaka, hukuma ta kawo wa yara taimako."

Ta dube shi sama da ƙasa. Tunda aka haife shi bai taɓa ce mata Kaka ba. "Lahiyarka kuwa?"

Mamman ya sauke buhu ɗaya ya kwance bakinsa. Kaka Fanta ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta ɗan taɓe baki.

"Wannan garin mi ne? Ba gero ba, ba rogo ba."

"Madara ce, Inna," in ji Malama Larai. "Madarar shanu ce aka busar. Ana dama ta da ruwa a ba yara."

Can wata budurwa ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Kaka Fanta ta juya ta dubi garken shanun da ke kwance bayan bukkoki, ta dubi jerin ƙoren nono da ke ƙarƙashin rumfa an rufe su da faya-fayai, sannan ta dawo da ido kan Uwaisu.

"Kai ka tahi birni ka ce ba ni da nono?"

"Ba haka na ce ba."

"Saniyar da ake tatsar gari a jikinta, wace irin ciyawa take ci? Yau ni Fanta aka kawo wa madara a buhu. Gobe sai ku kai wa rafi ruwa a tulu." Matan suka fashe da dariya. "Na sake ka, Uwaisu. Ku shaida, na saki mijin nan."

"Mace ba ta saki, tsohuwa."

"Ta ruga tana yi."

Malama Larai ba ta tsaya dariya ba. Ta kira ɗaya daga cikin yaran, ta durƙusa ta danna ƙaurinsa da babban yatsa, ta ɗaga. Naman ya dawo nan take, ko alamar rami babu. Ta duba idonsa, ta shafa gashinsa, yaron ya fizge ya koma kokawa. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku.

"Waɗannan ba kumburi ba ne," ta ce a hankali. "Ƙoshi ne." Ta juya. "Inna, don Allah, jiya sau nawa yaran nan suka ci?"

"Jiya? Sai dare suka ɗan taɓa tuwo. Wancan ƙaramin ma barci ya ɗauke shi bai ci ba."

Malama Larai ta dubi takardarta, ta dubi Uwaisu. Amsar dai ita ce, ba wanda ya yi ƙarya, ga kuma yara kamar a taɓa su jini ya fito. Uwaisu ya ji daɗi cewa ba kumburi ba ne, amma kansa ya ƙulle.

Saki ko ba saki, baƙo ba ya barin rugar Kaka Fanta haka nan. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo fura. Malama Larai ta sha ludayi kaɗan tana ta juya takarda. Uwaisu ya riƙe tasa yana tunani. Mamman direba kuwa ya rungumi babbar ƙwarya, ya ajiye ludayi gefe ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindinta. Aka ƙara masa, ya ce kai a'a, ya karɓa. Da ya gama ya jingina da marke ya saki maɓallin wando, gashin bakinsa fari fat. Ya dubi sama inda hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

"Malama, ya kamata mu hanzarta. Ga hadari, ga shi ni tun safe ban ci komai ba."

Uwaisu ya ɗago kai a hankali. Ya dubi ƙoren biyu da ke gaban Mamman, wayam.

"Malam Mamman, mi ka ce?"

"Na ce tun safe ban ci komai ba."

"Waɗannan ƙoren fa?"

Mamman ya dube su kamar yanzu ya fara ganinsu. "Ai wannan sha na yi."

Uwaisu ya ajiye ƙwaryarsa don kada ta zube. Dariya ta taso masa tun daga ciki, marar ƙara, har hawaye suka zubo. Malama Larai ta buɗe baki za ta tambaye shi, sai ta tsaya, ta cire tabarau, ta dafe goshi.

"Sha," ta ce. "Fura sha ake. Nono sha ake. Kunu, koko, duk sha ake. Ni da aka haifa a Katsina, na zauna na juyo tambaya daga takardar Turanci, na manta da bakin uwata."

"Ni kuma ina zaune a nan ina shan furar, ina rubuta sifiri," in ji Uwaisu. Ya share ido ya juya. "Tsohuwar amarya, jiya sau nawa yaran nan suka sha?"

"Wa ke ƙirgawa? Da asuba in an tatsa su kafa kai. Da hantsi fura. In sun dawo kiwon maruƙa fura. Tsakanin nan kuma duk ƙwaryar da aka bari a buɗe ta shiga uku. Da ka tambaye ni haka tun farko da ba ka rasa aurenka ba."

Malama Larai ta zaro fensir. "To sai mu gyara. Sau nawa ya ci ko ya sha."

Amma dariyar Uwaisu ta riga ta tsaya. Usaini ne ya faɗo masa a rai, yaron da bai taɓa ƙararrawa ba, da yatsun Zuwairatu guda huɗu.

"Malama, ki yi haƙuri, zan sa ra'ayina."

"Sa, Malam Uwaisu. Yau ranarsa ce."

"In sifirin nan bai nuna yunwa ba, to huɗun Tudun Aduwa ma ban san mi ta nuna ba. Na tambayi sau nawa, ban tambayi mi ne ne ba. Wanda ya tauna ƙanzo ya ci, wanda ya share akushi ma ya ci."

Malama Larai ta soke abin da ta fara rubutawa. Suka shiga gyara tambayar tare, ita ta faɗa shi ya gwada a bakinsa, in ta yi kama da ta alƙali su sake. Ta ce abin da take son sani tun farko ba yawan zama gaban kwano ba ne, abin da ya isa cikin yaron ne. Daga ƙarshe suka tsaya a kan wannan: jiya, tun daga tashinsa har kwanciyarsa, mi da mi ya shiga bakinsa?

"Ku kuma ce a nuna muku mazubin," in ji Kaka Fanta, wadda ba wanda ya tambaye ta. "Mace za ta ce maka kunu, amma ƙoƙon ne zai gaya maka ko nawa."

Malama Larai ta rubuta wannan ma.

Mamman ya ce in za su Tudun Aduwa to yanzu, domin in ruwan nan ya sauko rafi zai cika, buhunan su kwana a ƙetare, shi kuma gobe ana jiran motar a wani wuri. Aka mayar da buhun da aka kwance. Kaka Fanta ta shiga bukka ta fito da ƙwaryar nono an ɗaure ta da faifai, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna kusa da Malama, wai tunda an ɓata mata suna sai ta ga inda za a wanke shi. Ba ta taɓa shiga mota ba. Duk ramin da aka faɗa sai ta ce wa Mamman jakinsa ba shi da tarbiyya.

Sun haye rafi iska ta fara kaɗawa. A ƙofar gidan Zuwairatu Uwaisu ya yi sallama. Ta fito, da ta ga mota da baƙuwa mai tabarau sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Aka gaisa. Kafin a tambaye ta komai ta ce, "Alhamdu lillahi, jiya ma sau huɗu ya ci."

Uwaisu ya tsuguna daga gefe, ya ɗauki wani tsinke yana wasa da shi a ƙasa, bai dube ta ba.

"Zuwaira, wancan karon ni ne ban iya tambaya ba. Jiya da Usaini ya tashi, mi ya fara shiga bakinshi?"

"Ƙanzo. Na jiƙa mashi."

"Kamar yaya?"

Ta nuna da yatsu uku a haɗe.

"Da hantsi fa?"

"Tafasa na dafa, na kwaɗa da ɗan gishiri. Ƙuli ya ƙare."

"Da la'asar?"

"Sauran tafasar."

"Da dare?"

"Tuwo." Ta ɗan tsaya. "Na dusa ne, da ɗan gari a ciki."

"A wane mazubi?"

Ta shiga ta fito da wani ɗan ƙoƙo wanda tafin hannun Uwaisu zai rufe shi.

"To mi ya sha?"

"Ruwa."

Malama Larai ta jawo Usaini a hankali ta danna ƙaurinsa, ta ɗaga yatsa. Wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Ta dubi Mamman, shi kuma bai jira magana ba ya juya wajen mota ya fara sauke buhuna.

Suka bi sauran gidajen da sabuwar tambayar, Uwaisu yana yi Malama tana rubutawa. Mai biyar ɗin nan ma ashe tafasa ce sau uku. Aka tara matan a zauren mai unguwa saboda yayyafi ya fara, aka tafasa ruwa a babbar tukunya, Malama Larai ta nuna musu yadda ake damawa da yawan da za a ba kowane yaro. Ta ce rabin buhunan a nan za su zauna, sauran kuma ba za ta raba ba sai an sake zaga ƙauyukan duka, Usaini kuma za ta dawo ta duba shi da kanta.

"Wato in sake hawa keke tun daga Runka," in ji Uwaisu.

"Har Batsari."

"To. Dama akwai gidajen da ban gama gaisawa ba."

Kaka Fanta ta karɓi ludayi ta ɗanɗana madarar da aka dama. Ta juya ta a baki, ta haɗiye, ta girgiza kai.

"Ba laifi. Amma saniyar nan ba ta ƙoshi ba." Ta kwance faifan ƙwaryarta ta juye nonon a wata roba ta tura gaban Zuwairatu. "Ki haɗa mashi da wannan. Kuma rafi ne kawai tsakaninmu, 'yar nan. Nonon tsala ba ya ƙarewa a wurina, har karnuka nake ba. Ki riƙa aiko da ƙoƙo, amma ba wancan ba, babba."

Zuwairatu ta yi godiya murya can ƙasa. Usaini ya kama ƙoƙo da hannu biyu ya kafa kai. Da ya ɗago, leɓensa na sama ya yi fari, yara suka ce ya zama direba, Mamman ya shafa gashin bakinsa ya ce sharri ne.

Ana cikin haka mijin Zuwairatu ya shigo daga gona, fartanya a kafaɗa, ruwa ya jiƙa shi. Ya gaida baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya dubi buhuna, ya dubi ɗansa da ke lasar gefen ƙoƙo.

"Yaron ya ci wani abu kuwa?"

"Bai ci ba," in ji Zuwairatu, karon farko tana murmushi. "Sha ya yi."

Uwaisu ya lalubi fensirinsa a bayan kunne, sai kuma ya bar shi a nan. Kaka Fanta ta zungure shi da ludayi ta ce ya tashi ya ɗauko mata ƙwaryarta, ta fasa sakin, amma a mota shi ne dai a baya.